Bangon da Sagir Ya Rufe

Kwana goma sha shida ke nan Sagir yana kan tsani, kuma a duk kwanakin nan ba a sami mutum ɗaya a Unguwar Magina da ya ce masa sannu da aiki ba.

Mata su zo wucewa su kau da kai. Dattawan da ke zama a gindin ɗorawa su amsa sallamarsa a taƙaice, don dai amsa sallama wajibi ce, su koma hirarsu. Har awakin da suka saba kwanciya a inuwar bangon sun sauya wuri.

Shi kuwa yana can sama shi kaɗai, 'yar guduma a dama, wani siririn ƙarfe mai faɗin baki a hagu, yana ɓamɓare simintin da shi da kansa ya shafa. Aikin da ya yi cikin kwana biyu yana dariya, ga shi yana warware shi sama da mako biyu ido jajur. Duk kuwa a kan Atika ne.

Bangon na Soron Kwana ne, wani tsohon ginin ƙasa da ke bayan masana'antun Challawa. Mutanen unguwar sun ce wani sarki na zamanin da ne ya sa aka gina masa shi, ya kwana ɗaya tak a ciki, bai sake komowa ba. Sarki ya tafi, ya bar wa zuriyar magininsa, Barau, ɗawainiyar ginin har yau. Baƙi masu yawon buɗe ido in sun gama da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, sun hau Dala sun sauko, sai a ɗebo su a bas a kawo su nan, su yi ta ɗaga kai suna kallon rufi.

Malam Idrisu, daga zuriyar Barau, shi ne mai riƙon soron a yanzu. Bai da ɗa namiji a raye, don haka 'yarsa Atika, wadda ta yi karatu har ta kai difloma, ita ke zagayawa da baƙin tana yi musu bayani da Turanci da Hausa.

Shekara biyu Sagir yana zuwa zance wurinta, shekara biyun nan Malam yana cewa a dakata. Laifin Sagir biyu ne. Na farko baƙo ne, daga wani ƙauye can bayan Gumel, uwa da uba duk sun rasu. Na biyu, a kamfanin fata yake aiki, kuma duk wanda ya san Challawa ya san warin jima ba ya jin sabulu. Sai ya yi wanka sau biyu ya fesa turare, amma da zarar ya yi sallama sai Gwaggo Uwani, ƙanwar Malam da ta reni Atika tun rasuwar uwarta, ta kama tarin ƙarya daga cikin gida.

Ita Gwaggo tana da nata ɗan takarar, wato Uwaisu, mai kamfanin da ke kawo baƙin. Bas biyu gare shi, ga farar shadda, ga Turanci a baki.

Ana cikin haka ne, a ƙarshen bazarar shekarar dubu biyu da shida, Atika ta nuna wa Sagir wata tsaga a bangon gabas.

"Damina ta ƙarato, ga Baba ido ya hana shi hawa tsani. Samarin da ke zuwa mana gayyar yaɓe duk sun watse, wasu masana'antun Sharaɗa, wasu na Bompai. Ban san yadda za mu yi bana ba."

Ta faɗa ne don ta sami sauƙi a ranta. Shi kuwa gogan naka sai ya ji kamar an buɗe masa ƙofa.

A garinsu Sagir, duk wanda Allah ya ɗaga, abin da yake fara yi shi ne ya shafe gidan iyayensa da siminti. Shi ma da albashinsa na farko ya shafe ɗakin mahaifiyarsa, ta tsaya a tsakar gida tana kuka tana sa masa albarka, maƙwabta suna shigowa kallo. A saninsa babu girmamawar da ta wuce wannan.

Don haka ranar da Atika ta tafi da Malam asibiti a cikin gari za a cire masa yanar ido, Sagir ya sayar da kekensa, ya sayo siminti, ya tara abokan aikinsa su bakwai. Suka yi yadda ake yi a ko'ina, suka bi bangon ƙasar suka bubbuga masa ƙusoshi birjik don simintin ya sami abin kamawa, sannan suka shafe shi sumul. Har tsohon zanen da ke saman ƙofa, wanda Barau ya yi da yatsunsa, Sagir ya sa aka bi shi a hankali don siffarsa ta fito. A ganinsa ya yi wa zanen riga, ruwa ba zai ƙara cin sa ba.

Gwaggo Uwani tana gida aka yi komai. Fura ma ta dama musu.

Ranar da aka sallamo Malam, Sagir ya sa kayansa na Juma'a ya zo ya tsaya a bakin soro yana jiran albarka. Tsohon ya sauko daga mota, ido ɗaya a ɗaure da bandeji. Ya tako har gindin bangon, ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe a haka. Sannan ya shige gida. Atika kuwa ledar magungunan da ke hannunta ce ta faɗi ƙasa, ba ta ko tsaya ɗauka ba.

Sai da ruwan farko ya sauka sannan Malam ya aika aka kira shi.

"Ƙwanƙwasa nan."

Sagir ya ƙwanƙwasa.

"Me ka ji?"

"Kamar... kamar babu komai a ciki, Baba."

"Ya fara rabuwa da jikinsa ke nan. Ginin ƙasa numfashi yake yi, yaro. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Shi ya sa muke yaɓe shi da ƙasa irin tasa, mu bi shi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Kai ka zo ka toshe masa hanci. Ruwa zai shiga ta sama ya rasa hanyar fita, ya zauna a ciki yana cin tubali. Damina biyu ta yi yawa, wata rana sai dai mu tashi mu tarar da ɓawon siminti a tsaye, bango ya zube a bayansa."

Sagir ya durƙusa.

"Wallahi Baba don in faranta muku na yi."

"Na sani. Da mugunta ce ai da abin ya zo mini da sauƙi, sai in kai ka gaban mai unguwa." Ya nisa. "Ga abin da na yanke. Ka cire shi da hannunka, kai kaɗai, ban yarda ka kawo mini waɗancan 'yan kamfanin ba. In zanen Barau ya fito lafiya, ka nemo manyanka duk inda suke su zo mu yi magana. In ya ɓalle, kada in ƙara jin sallamarka a ƙofar gidana."

Washegari da safe Sagir ya hau tsani.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Kowace ƙusa sai an zagaye ta an sassaƙe, an murɗa ta a hankali an zare, in ba haka ba ta taho da dunƙulen ƙasa. Daga inda yake yana jiyo jiniyar kamfaninsu tana kiran masu dutin safe, da ƙarfe biyu ta kira na rana. Kwana uku yana aikawa da uzuri. A na huɗu abokinsa Ɗahiru ya kira shi a waya.

"Mutumina, oga ya sa wani a injinka. Ka san yadda garin yake, kamfanoni sai rufewa suke saboda rashin wuta, kullum mutum hamsin ne a bakin get suna jira. Ka zo yau ka ba da haƙuri ko Allah zai sa."

"Ba zan iya barin bangon a buɗe rabi ba, Ɗahiru."

"To Allah ya ba ka Atika. In kuma bai ba ka ba, wallahi ka yi biyu babu."

Tun daga ranar wayar ba ta sake ƙara ba. Da yamma ya tako a ƙasa har Panshekara, ya shiga ɗakinsa na haya, ya jiƙa hannayensa a ruwan ɗumi da gishiri. Babu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Wani lokaci har so yake mai gidan hayar ya zo ya yi masa faɗa a kan shara, ko ya ji an kira sunansa.

Mutum ɗaya ne daga wajen unguwar ya taɓa ce masa sannu, shi ma da biyu ya faɗa. A kwana na tara Uwaisu ya kawo Turawa shida, ya tsayar da su a gindin tsanin yana nuna sama yana zuba bayani. Sagir bai da Turanci mai yawa, amma mutum ba ya buƙatar Turanci kafin ya gane da shi ake. Suka ɗaga kyamarori suka yi ta ɗaukarsa.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji Uwaisu yana murmushi. "Ka bi mana shi a hankali. Akwai masu zuwa duba shi daga hukuma bayan damina, ina so a sa shi cikin wuraren da za a gyara."

Sagir ya ce, "Yauwa," ya ci gaba da abin da yake yi.

To yau Asabar, kwana na goma sha shida, bango duk ya fito tsirara, ja, da ramukan ƙusa a jikinsa. Saura faifai ɗaya na siminti a saman ƙofa, wanda ya rufe zanen. Kwana uku yana zagaye shi yana tsoron taɓawa.

Bayan azahar ya ji motsi a ƙasa. Ya duba.

Atika ce, cikin mayafi ruwan toka. Ta rame, idanunta sun faɗa. Rabonsa da ganinta tun ranar da ledar magani ta faɗi.

Ya sauko da sauri har yana tsallake matakala.

"Atika..."

"Kada ka matso, Malam Sagir. Satar jiki na yi, Gwaggo tana madafa."

Malam Sagir. Bai taɓa jin wannan sunan a bakinta ba, ya ji shi har cikin ƙirjinsa.

"Girkin me ake yi haka? Tun safe nake jin ƙamshi."

Ta sunkuyar da kai.

"Manyan Uwaisu ne za su zo da la'asar. Baba ya ce ba zai yi mini dole ba. Zai saurare su, sannan ya shigo cikin gida ya tambaye ni, abin da na ce shi zai mayar musu."

"Amma ai ya yi mini alkawari!"

"Ya ce alkawarinka yana nan har sai an ga zanen. Su ma ba za a hana su sallama ba, wata shida suna neman rana."

"To ai shi ke nan. Ke za a tambaya." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Me za ki ce?"

Ta kau da kai. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Atika, me za ki ce?"

"Ban sani ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Wallahi ban sani ba, Sagir. Da a ce wata biyu da suka wuce ne, ko barci nake aka tashe ni sunanka zan faɗa. Amma ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba simintin ba ne."

"Faɗa mini."

"Sau nawa ka zo ka tarar ina zagayawa da baƙi, ka bi bayanmu har mu gama?"

"Ba zan iya ƙirgawa ba."

"A nan nake tsayar da su, daidai inda kake tsaye. In ce su taɓa bangon. In ce musu ginin nan numfashi yake yi, shi ya sa ba a sa masa siminti. Da Turanci in faɗa, in akwai 'yan makaranta in maimaita da Hausa. Kana tsaye a bayansu kana gyaɗa kai. Ni kuwa sai in ji daɗi, in ce a raina ga mutumin da ya damu da abin da na damu da shi." Muryarta ta karye. "Ashe ba ji kake ba."

Sagir ya nemi abin da zai kare kansa da shi, ya rasa, don gaskiya ta faɗa. Yana iya tuna kalar mayafinta a kowace rana, da yadda take ɗaga hannu in za ta nuna azarar rufi. Abin da take cewa kuwa ko kalma ɗaya bai riƙe ba.

"Ke nake kallo," ya ce a hankali.

"Na sani. Da can da ka faɗi haka sai in rufe fuska don kunya. Yau kuwa kuka ya sa ni. Uwaisu ban taɓa jin komai a kansa ba, Allah ya sani. Amma in na yi magana yana ji. Har littafi yake fitarwa ya rubuta."

"Don kasuwarsa yake yi."

"Ko don mene ne, yana ji."

Ya zauna a kan matakalar tsani ta ƙasa, ya dubi hannayensa da suka farfashe.

"Ni ban da kowa a garin nan, Atika. Da ina da uba ko babban wa, da na je na ce ga abin da nake shirin yi, ya ce mini kai, tsaya ka tambaya. Ni kaɗai na yi shawarata a ɗaki, na ga ta yi kyau. Innata ta yi kukan daɗi ranar da na shafe mata ɗaki. Na ɗauka Baba ma..." Ya kasa ƙarasawa. "Kuma ai na gaya wa Gwaggo kafin mu fara. Cewa ta yi Allah ya yi albarka."

Atika ta yi wata dariya mai ɗaci cikin kuka.

"Gwaggo a soron nan aka haife ta. Tun tana 'yar shekara bakwai take jiƙa makuba. Kana tsammanin ba ta sani ba?"

Ya ɗago kai.

"Na tsare ta na tambaye ta. Ta ce ita ba ta sa ka ba, ba ta hana ka ba. Ta ce ginin da ya cinye ƙuruciyar ubanta, ya cinye idon wanta, ba za ta zuba ido ya cinye ni a hannun talaka ba. In siminti zai raba ni da kai, ita ta ga ya yi arha."

"Ta dama mana fura," in ji Sagir, kamar mai magana da kansa. "Har da ƙarin sukari."

Can gabas hadari ya fara haɗowa, iska ta soma kaɗa ganyen ɗorawa. Atika ta ɗaga kai ta dubi faifan da ya rage.

"Ka cire shi yanzu, ina tsaye. Ba na so in shiga in ba da amsa ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba."

Ya hau. Ƙusa biyar ce ta rage a faifan. Ya zare ta farko, ya zare ta biyu. Gumi yana shiga idonsa bai damu ya goge ba. Ta uku ta yi gardama, ya lallaɓa ta har ta fito. Ta huɗu ta fito salin-alin.

Bai kai ga ta biyar ba ya ji faifan ya saki da kansa, ya taho ƙirjinsa gaba ɗaya. Ya rungume shi, tsanin ya yi rawa, Atika ta yi tsalle ta riƙe.

Ya dubi bangon. Babu komai a wurin sai rami mai danshi, baƙi-baƙi.

Ya sauko a hankali, ya juya faifan. Ga zanen Barau nan manne a bayan simintin, ya taso ɗungurungum, sai bayansa ake gani, ƙasa mai laima tana marmashewa a gefe-gefe.

Atika ta toshe bakinta da mayafi. Ta durƙusa a gaban faifan ta yi kuka mai isarta, marar sauti, kafaɗunta suna rawa. Shi ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Can sai ta ɗago, ta dubi hagu ta dubi dama. Dattawan gindin ɗorawa sun tashi saboda hadari. Babu kowa.

"Saurara," ta ce da sauri, tana share fuska. "Akwai kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bayan soro, wadda Baba ya sa aka tsima don yaɓe. Zanen nan na san shi kamar tafin hannuna, tun ina goye nake kallon Baba yana bin sa da yatsa duk shekara. Ka cike ramin, ni zan hau in zana. Mu rufe da zanar ciyawa mu ce saboda ruwa ne. Kafin a buɗe ya bushe, mu shafa makuba. Idon Baba ɗaya ne yanzu, shi ma hazo-hazo yake gani. Ba zai gane ba."

Sagir ya dube ta. Wato duk da abin da ta faɗa, har yanzu tana son sa, so na wanda za ta yaudari ubanta a kansa. Daɗi ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun kafin damina.

"Wannan fa?" Ya nuna faifan.

"Ka jefa shi a kududdufi. Yi sauri, Sagir, sun kusa zuwa!"

Ya dubi ramin da ke saman ƙofa. Ya dubi fuskarta. Ya tuna gobe za ta tsaya a nan da baƙi, ta nuna sama ta ce wannan hannun Barau ne, jibi ma haka, har iya rayuwarta, kuma duk ranar da ta faɗa sai ta dube shi.

"A'a."

"Me ka ce?"

"Na riga na rufe shi sau ɗaya, Atika. Ba zan ƙara ba."

"Ka san abin da kake yi kuwa? In Baba ya ga wannan shi ke nan! Kai ka ji sharaɗin da kunnenka!"

"Wannan karon na ji."

Ta kama gefen tsanin ta jingina goshinta a kai.

"Ka cuce ni. Ka cuce ni sau biyu. Yanzu in ya shigo ya tambaye ni, da me zan tsaya?"

Daga bakin hanya suka jiyo ƙarar motoci. Ta ja mayafinta ta bi ta bayan gida da gudu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Sagir ya jira har baƙin suka shiga zaure aka gama gaishe-gaishe. Sannan ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa, ya ɗora faifan a kai, ya ɗauka da hannu biyu. Ya yi sallama.

Dattawa huɗu ne cikin manyan riguna, ga ƙwaryar goro a tsakiya, turare ya cika wurin. Suka bi shi da kallo, mutum daga shi sai singileti, jiki duk jar ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗan janye gefen rigarsa.

Ya durƙusa ya ajiye faifan a gaban Malam Idrisu.

"Baba, ku gafarce ni. Ya ɓalle."

Tsohon ya miƙa hannu ya lalubo. Yatsunsa suka bi gefen ƙasar a hankali, suka tsaya, suka ci gaba.

"Da ka cire, wa ke wurin?"

"Allah yana wurin, Baba."

Malam ya ɗago idonsa mai lafiya ya zuba masa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Akwai tsimammiyar ƙasa a bayan soro. Ka san da ita?"

"Na sani."

"Hmm."

Ya jawo faifan kusa da gwiwarsa, ya lulluɓe shi da gefen rigarsa.

"Ka tuna abin da na ce?"

"Na tuna."

"To magana ta ƙare. Tashi ka je."

Sagir ya tashi. Ya nufi ƙofa. A bayansa ya ji Malam yana ce wa baƙin su yi masa haƙuri kaɗan, zai shiga ciki ya ji ta bakin yarinya.

A waje gari ya yi duhun hadari, an fara yayyafi. Hanyar Panshekara ga ta nan a miƙe, an kuma sallame shi, babu abin da ya rage masa a unguwar nan. Ya yi taku uku ya tsaya.

Bangon yana tsaye tsirara, ga ramukan ƙusa, ga babban rami a saman ƙofa daidai inda ruwan gabas ke bugowa. In ruwan nan ya same shi a haka, kafin magariba sai ya zaftare. Masu iya hawa tsani a unguwar duk suna can wurin aiki.

Ya koma. Ya jawo zana daga jikin rumfa, ya saɓa a kafaɗa ya hau. Ya shimfiɗa ta a kan ramin, ya laluba aljihu neman abin da zai kafe ta da shi, hannunsa ya ci karo da ƙusoshin da ya zare. Ya bar su a inda suke. Ya buɗe hannuwansa biyu ya danne zanar da ƙirjinsa.

Ruwa ya kece. Yana dukan bayansa, yana gangarowa ta wuyansa, shi kuwa ya kasa kunne yana sauraron cikin gida.

Sai ga guɗa ta tashi. Muryar Gwaggo Uwani ce, siririya, mai kaifi, ta keto ruwan ta same shi a kan tsani. Ya runtse ido.

Ba ta kai ƙarshe ba ta yanke, kamar an sa hannu an toshe bakin mai yin ta.

Ya buɗe ido. Ya jira a sake, ba a sake ba. Ya jira ya ji motoci sun tashi, ba su tashi ba. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar indararo.

Taku goma ne tsakaninsa da ƙofar zaure. Ya ɗan sassauta hannu ɗaya zai sauka, iska ta fizgi gefen zanar, ruwa ya watsu cikin ramin. Ya mayar da hannun da sauri ya danne.

Haka ya tsaya a sama shi kaɗai, fuskarsa manne da bango, bai san ko an ba da Atika ba.